Likita ne ya rubuta min maganin ciwo, yanzu na kasa dainawa

Wata 'yar uwa ta turo min saƙo da tsakar dare, ta roƙi kar in ambaci sunanta. Ga abinda ta ce:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 36, yarana uku. Shekara ɗaya da wata huɗu kenan da nayi hatsarin mota na karye a cinya, akayi min aiki aka sa ƙarfe. Da za'a sallame ni likita ya rubuta min tiramadol mai miligiram 50, sau uku a rana, na sati biyu. Sati biyun suka ƙare ciwo bai tafi ba, na koma aka ƙara min, daga nan na ci gaba da siya da tsohuwar takardar. Yanzu mai 100 nake sha guda bakwai a rana, wani lokacin da daddare in ƙara da wani mai kodin da farasitamol a haɗe, in bacci ya ƙi zuwa wata ƙawata ta bani na bacci. Watan jiya na farka na ganni kwance a ƙasa a banɗaki na ciji harshena, bansan me ya faru ba, na cewa maigidana santsi ne ya kwashe ni. Na taɓa gwada dainawa, kwana ɗaya da rabi nayi naji kamar raina zai fita. Babu wanda ya sani. Anti wallahi ni ban taɓa shan wani abu dan maye ba. Na yanke shawarar in zuba su duka a masai in kulle kaina a ɗaki kwana uku, ko a mutu ko a yi rai. Dan Allah hakan yayi? Kuma ni yanzu 'yar ƙwaya ce?"

Wa'alaikissalam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙonki kafin na iya fara rubuta miki amsa, kuma bari in fara da abinda yafi gaggawa. Kar ki zubar da su, kar ki kulle kanki a ɗaki. Sannan kar ki bari wani satin ya zagayo ya same ki a yadda kike ɗin nan, cikin kwana biyu ukun nan nake so ki zauna gaban likita, ba sai yara sun yi hutu ba, ba sai kin samu sarari ba.

Dalilina shine faɗuwar nan ta banɗaki. Mutum ya faɗi ya farka bai san abinda ya faru ba, ga harshe a cije, wannan siffar jijjiga ce irin ta farfaɗiya, kuma tiramadol sananne ne da kawo ta musamman in an wuce ƙa'ida. Iyakar abinda aka yarda babba lafiyayye ya sha a awa 24 miligiram 400 ne, ke kuma lissafinki 700 yake bayarwa, ban da kodin ɗin dare. Allah ya tsare ne kika faɗi a ƙasa ba a kan wuta ba, ba kina riƙe da yaro a kan bene ba. Toh kafin ki ga likitan, dan Allah kar ki tuƙa mota, kar ki sa sakata in kin shiga wanka, kar ki tsaya kan girki ke kaɗai a gida, kuma kar ki ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abinda kike sha yanzu. Maganin baccin ƙawarki kuwa shi ne ya fi tayar min da hankali. Irin su dayazefam suna kwantar da numfashi, tiramadol da kodin ma suna kwantar da numfashi, in suka haɗu a jiki ɗaya mutum na iya yin bacci numfashin ya dinga ja baya har ya tsaya, na kusa da shi na zaton minshari ne kawai yake yi. In jefi jefi kike shan sa ki bar shi daga daren yau. In kuwa ya zama na kullum har na makonni, shi ma ba'a yanke shi lokaci ɗaya, ki sa shi cikin abinda zaki faɗa wa likita.

Yanzu tambayarki da nasan ita ce take hana ki bacci, wai ke 'yar ƙwaya ce? Naji yadda kalmar take miki ɗaci, dan a bakin mutane zagi ce, ana faɗinta ana taɓe baki. Ki ajiye kalmar gefe ki ji abinda ya faru a jikinki.

Tiramadol, kodin, mofin, fentazosin na allura, duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom. A ƙwaƙwalwa da lakar bayan kowa akwai wasu 'yan gurabe da Allah ya halitta, jiki da kansa yana samar da nasa maganin ciwon ya zuba a wurin, shi yasa wani zai ji rauni a tsakiyar gudu bai ji zafin ba sai ya tsaya. Waɗannan ƙwayoyin wurin suke zuwa su zauna, da ƙarfin da ya ninka na jiki, su rage zafi, su kuma sauko da wata natsuwa, ki ji damuwa ta ja baya, ki ji zaki iya aikin gidan duka. Jiki kuma baya son a fi ƙarfinsa, da ya ga abu na shigowa kullum sai ya fara gyara kansa, ya rage jin maganin, ya ƙara ɗaure jijiyoyi dan ya daidaita. Shi yasa mai 50 da take miki aiki a satin farko ta koma kamar ruwa kika koma mai 100, uku ta koma biyar, biyar ta koma bakwai. Kuma ranar da maganin bai shigo ba duk wannan ɗaurin da jiki yayi sai ya sake lokaci ɗaya, shine abinda kika ɗanɗana a kwana ɗaya da rabin nan. Ana cewa sabo turken wawa, amma wannan sabon ba ruwansa da wauta ko rashin tarbiyya ko raunin imani, duk wanda ya sha dangin ofiyom kullum na makonni jikinsa zai yi haka, ko malami ne ko likitan da kansa.

Amma bazan yi miki daɗin baki ba ƙanwata, naki ya wuce sabon jiki kawai. Kina siya da takardar da wa'adinta ya wuce, kina ɓoyewa, kin faɗi kin ji ciwo kin ci gaba, kin so dainawa kin kasa. Waɗannan su ne alamomin da likitoci ke dubawa su ce maganin ya kama mutum. Eh, ya kama ki. Ciwo ne mai suna a littafin likita kamar hawan jini da ciwon suga, yana da magani, kuma mutane da yawa sun fita daga cikinsa.

Kin ce likita ne ya rubuta miki, kamar kina kare kanki a gabana. Ba sai kin kare kanki ba. Mutumin da aka buɗe wa cinya aka sa ƙarfe yana buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi, hana shi zalunci ne, kamar yadda mai ciwon daji da mai sikila a lokacin tashin ciwo suke buƙata. Matsalar ba a fara sha take ba, a tsawon kwanakin take, da rashin wanda zai zauna ya ce miki ga ranar da zamu fara ragewa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani bincike a 2017 da ya bi mutane sama da miliyan ɗaya waɗanda aka rubuta wa irin wannan maganin karon farko. Cikin duk waɗanda suka sha ko da na kwana ɗaya ne, 6 cikin 100 suna nan suna sha bayan shekara guda. Waɗanda shan farkonsu ya kai kwana 8 ko fiye, 13.5 cikin 100. Waɗanda suka kai kwana 31 ko fiye, kusan 30 cikin 100. Ki duba naki, sati biyu aka fara baki, aka ƙara, kin ga inda kika faɗo a lissafin tun kafin ki san akwai lissafi. Su kansu likitocin akwai lokacin da aka yaudare su. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani maganin ciwo dangin ofiyom, a Amurka yana tallata wa likitoci cewa da wuya ya kama mutum, a 2007 aka kai ga kamfanin da wasu manyansa sun amsa laifin yaudara a kotu aka ci su tarar sama da dala miliyan 600, amma kafin nan ɓarnar ta riga ta yi nisa, a 2021 kaɗai mutum sama da dubu 80 dangin ofiyom suka kashe a ƙasar, kuma da yawan waɗanda suka faɗa ciki daga takardar asibiti suka fara, ciwon baya, cire haƙori, karaya irin taki. Shi kansa tiramadol an daɗe ana masa kallon ƙaramin magani mara hatsari, sai a 2014 Amurka da Ingila suka sa shi cikin magungunan da doka ke sa wa ido. Na kawo miki wannan ne dan ki daina kallon kanki a matsayin wata lalatacciya ke kaɗai a duniya.

Akwai abinda nake so ki lura da shi da kanki. Ciwon da kike sha wa magani yanzu, a ina yake kuma yaushe yake zuwa? In kika duba da kyau ina kyautata zaton zaki ga ba a cinyar kaɗai yake ba, duk jiki ne, baya, gwiwoyi, har ƙasusuwan hannu, kuma yafi tsanani da asuba ko in lokacin shan ya ɗan gota, yana zuwa da hamma da majina da rashin sukuni, kina sha minti talatin ya lafa. Wannan ba karaya bace take magana, jiki ne ke neman maganin. Karayar cinya yawanci cikin wata 3 zuwa 6 take haɗewa. Ƙari a kan haka, daɗewa a kan dangin ofiyom yana iya sa jijiyoyi su ƙara kaifin jin zafi, abinda da bazai dame ki ba ya koma yana miki zugi, sai ki ƙara magani, shi kuma ya ƙara kaifin. Maganin da aka baki dan ya kashe ciwo shi ne ya koma yana haifar da ciwon da kike shan sa dominsa. Ban ce duk ciwonki na ƙarya bane, a'a, yana yiwuwa ƙarfen na damunki ko ƙashin bai haɗe daidai ba, shi yasa zaki nemi a sake ɗaukar hoton cinyar. Amma ba za'a gane ainihin ciwon ƙafar ba sai an janye wannan hayaƙin da ya rufe shi.

Bari in faɗa miki dalilin da yasa maganar kulle kai a ɗaki ta sa gabana ya faɗi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ciwon baya ya kai shi asibiti aka rubuta masa magani, shi ma haka ya zarce, bamu sani ba sai ranar da nake cire rigar filonsa zan wanke, katunan magani da aka gama ɓallewa suka zubo ƙasa, na tsuguna ina ƙirgawa hannuna na rawa na samu goma sha tara. Da muka yi masa magana kunya ta kama shi yace shi namiji ne zai daina da kansa, ya kulle ƙofa. Ni na zauna da shi daren na biyu. Hamma yake yi ba ƙaƙƙautawa hawaye na zuba ba kuka yake ba, zanin gadon ya jiƙe sharkaf da gumi amma yana cewa in rufa masa bargo, tsigar jikinsa duk ta tashi, ƙafafunsa sun ƙi tsayawa wuri ɗaya yana ta shure shure, ga amai ga gudawa, ya riƙe hannuna yana cewa Yaya ƙashina ake sara. Ya daure, ya wuce kwanakin, muka yi ta murna muna cewa shikenan an gama. Bayan sati uku wani ɓacin rai ya same shi ya koma ya sha daidai adadin da ya saba sha a da. Ƙarar minsharinsa ce ta tashi mahaifiyarmu, wani irin minshari mai kamar ana shaƙe mutum, ta girgiza shi ya ƙi tashi, leɓensa ya yi duhu. Allah ya sa akwai sauran kwana aka kai shi asibiti a kan lokaci aka yi masa allura ya farfaɗo. A ranar likita ya yi mana bayanin abinda bamu sani ba, cewa da zarar mutum ya yi kwanaki bai sha ba juriyar da jikinsa ya tara ta zube, adadin da yake ɗauka lafiya lau a da yanzu yana iya kashe shi. Yana nan da ransa, ya yi shekaru rabonsa da su, amma ta hannun likita ya fita a karo na biyu, a hankali.

Kinga matsalar shirinki kenan. Kwana uku ma ba su ne ƙarshen abin ba, a nan ne yake kaiwa ƙololuwa, yakan fara awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, yayi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya ɗauki sati ko kwana goma kafin jiki ya lafa, rashin bacci da kasala da ƙuncin zuciya kuwa suna iya jan makonni. Tiramadol kuma nasa biyu ne, dan bayan aikin ofiyom yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa, shi yasa wasu in suka yanke shi farat ɗaya suke samun firgici mai tsanani, ruɗewa, jin kamar ana ja musu lantarki a kai, wasu har gane gane. Ke da kika riga kika taɓa faɗuwa, ace kina bayan ƙofa a kulle ba mai jin motsinki? A'a ƙanwata. Ko hukumar kula da magunguna ta Amurka sai da ta fitar da gargaɗi a 2019 cewa kar likitoci su yanke wa wanda jikinsa ya saba maganin lokaci ɗaya, saboda an ga yadda hakan ke jefa mutane cikin azaba har wasu su nemi kashe kansu. Kalmar da kika rubuta, ko a mutu ko a yi rai, ban wuce ta ba. In har tunanin mutuwa yana zuwar miki da gaske, wannan ma ki faɗa wa likitan da bakinki a ranar, kuma kar ki kwana da shi ke kaɗai.

Abinda ake yi shine saukowa mataki mataki. Ga wanda ya haura shekara yana sha, abinda aka saba shine a rage kamar kashi 10 cikin 100 a wata, wanda bai daɗe ba ana iya rage masa hakan a sati, in jiki ya yi ƙorafi a tsaya a huta a matakin kafin a ci gaba. Ke da yake kin haura 400 kuma ga maganar faɗuwa, likita zai so ya sauko da ke daga wannan tsaunin da wuri a ƙarƙashin kulawarsa, wataƙila ya kwantar da ke na 'yan kwanaki, wataƙila ya canja miki zuwa wani maganin. Akwai bufrenofin akwai metadon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, suna riƙe waɗancan guraben na ƙwaƙwalwa cikin natsuwa ba hawa ba sauka, mutum ya samu ya koma rayuwarsa, kuma bincike ya nuna masu shan su hatsarin mutuwarsu yana raguwa da kusan rabi. Zaki ji masu cewa ai an canja ƙwaya da ƙwaya ne, kar ki saurare su. Akwai kuma ƙananan magunguna na amai da gudawa da murɗawar ciki da ake bayarwa dan sauƙaƙa hanyar. Abin zai ɗauki watanni, ki sa wa ranki haka tun yanzu, sannu bata hana zuwa.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya, ki faɗi adadin gaskiya. Na san abinda zai faru, zaki zauna gaban likita kunya ta rufe ki ki ce uku kike sha. In kika ce uku, lissafin uku zai yi miki, ya ɗora ki a kan abinda bai kai rabin abinda jikinki ya saba ba, ki koma gida ki shiga azaba ki koma siya a ɓoye, sannan ki ce ai na je asibiti bai yi ba. Ranar wanka ba'a ɓoyon cibi. Ki ce bakwai, mai 100. Ki faɗi kodin ɗin, ki faɗi na baccin, ki faɗi faɗuwar banɗaki da cizon harshen, ki faɗi duk wani magani da kike sha ko na mene ne, dan tiramadol baya jituwa da wasu magungunan ciwon damuwa irin su fuluoksetin da amitiriftilin, haɗuwarsu na ƙara hatsarin jijjiga da wani zazzaɓi mai ruɗa kai. In bakinki zai yi nauyi ki rubuta a takarda tun daga gida ki miƙa masa, ki zuba katunan a jaka ki tafi da su ya gani da idonsa. In kika haɗu da wanda ya hau ki da faɗa ko ya ce kawai ki je ki daina, kar ki karaya ki koma gida ki naɗe hannu, ki nemi wani, ki ce a tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa ko sashen da ke kula da masu matsalar magani. Zuwa wurinsu ba hauka bane, su ne suka fi kowa sanin wannan aikin.

Ki nemi a duba miki hanta. Wancan na daren mai farasitamol a ciki mutane na raina shi, alhali farasitamol in ya wuce giram 4 a rana, wato guda 8 masu miligiram 500, yana cin hanta shiru shiru, alamar bata fitowa sai bayan kwana biyu uku lokacin da ɓarna ta yi nisa. Masu neman kodin ɗin ciki su yi ta ƙarawa basu san farasitamol ɗin suke tarawa ba. Sannan in an fara rage miki kar ki ce bari in cike gurbin da daiklofenak ko ibufurofen safe da rana da dare, su basa kama ƙwaƙwalwa amma shan su ba ƙa'ida na kawo gyambon ciki har ya yi jini, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Da ƙa'ida suna da amfani sosai, likita zai faɗa miki nawa kuma na kwana nawa. In kina fama da taurin bayan gida ko al'adarki ta rikice ko sha'awa ta ɗauke, yana iya zama aikin tiramadol ɗin ne, ki ambata, yawanci suna gyaruwa in an sauka. In kuma akwai yiwuwar ciki ko kina shayarwa wannan ki fara faɗa tun kafin ki zauna, dan maganin yana isa ga jariri ta mahaifa da ta nono, kuma mai ciki ita ce ma ba'a so ta yanke da kanta sam.

Sai maganar maigidanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san halin mijinki, amma ra'ayina ki faɗa masa. Mutumin da yake kwana kusa da ke shi ne zai fara jin numfashinki in ya canja, yanzu kuwa ko ya ji bazai san me yake ji ba tunda kin ce masa santsi ne. Ya kamata ya san alamomin, bacci mai nauyi da ake tashin mutum ya ƙi tashi, numfashi a hankali ko mai yankewa, minshari mai gurnani, leɓe ko farce ya yi duhu, baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya koma kamar ɗigon allura. In ya ga haka ba jira ake ba, ba watsa ruwa ba, ba ɗura wani abu a baki ba, a kwantar da ke ta gefe a nemi asibiti nan take. Allurar da ta tashi ƙanena sunanta naloksun, akwai ta ta fesawa a hanci a wasu ƙasashen, ki tambayi likita ko za'a iya samun ta a ajiye a gida. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki zaɓi lokacin da yara suka yi bacci ki ce masa maganin da aka bani bayan aiki ya kama jikina, na kasa bari, faɗuwar da nayi ma shi ne, ina so ka raka ni asibiti. Zai iya yin shiru, zai iya jin haushin ɓoyewar, ki bashi lokaci. In kin san mutum ne da zai mayar da abin gori ko ya cutar da ke, toh ki fara da mahaifiyarki ko yayarki ko wata wadda kika yarda da amanarta, amma lallai mutum ɗaya ya sani, kuma ba ƙawar da take baki na bacci ba. Wannan mutumin shi zai riƙe maganin ya dinga baki na rana ɗaya ɗaya kamar yadda aka tsara. Kuma ki taimake ni yau ɗin nan ki kwashe su daga jaka da ƙarƙashin filo ki sa inda ake kullewa, kina da yara uku, ƙwaya ɗaya mai 100 ta isa ta tsayar da numfashin ƙaramin yaro.

Nasan akwai tsoron da baki rubuta ba, in na bari ya zanyi da ciwon? A 2018 an buga wani gwaji da akayi a Amurka kan tsofaffin sojoji 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko gwiwa ko ƙugu, aka raba su biyu, rabi a kan dangin ofiyom rabi a kan magungunan ciwo na yau da kullum, aka bi su shekara guda. Masu ofiyom basu fi sauran iya harkokinsu ba, zafin ciwon ma ya ɗan fi sauƙi a wurin waɗanda basu sha ba, illoli kuma sun fi yawa a masu sha. Ga ciwon da ya daɗe, ƙarfin magani ba shi ne ke warkarwa ba. Ƙafar da aka yi wa aiki abinda take nema gashin ƙashi ne da motsa jiki a tsare, naman cinyar da ya saki ya dawo da ƙarfinsa, tafiya kaɗan kaɗan ana ƙarawa, bacci a kan lokaci. In ba'a taɓa tura ki sashen gashin ƙashi ba ki nema da kanki.

Wani abu kuma, kin yi hatsarin mota, kin kwanta wata da watanni kina kallon wasu na yi wa yaranki abinda ke kika saba yi. Ba ƙafa kaɗai ke karyewa a irin wannan ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, cikin bakwai ɗin nan guda nawa ne na cinya, guda nawa ne na ranar da zuciya ta cushe, ko hoton hatsarin ya dawo, ko kika ji bazaki iya fuskantar gidan ba sai kin sha? In akwai irin wannan, kuma ina zaton akwai, shi ma a faɗa, dan in aka janye maganin aka bar damuwar a wurin ita ce zata mayar da ke. In kuma wata rana kika zame kika sha fiye da tsari, kar ki ɓuya, kar ki koma tsohon adadinki, ki koma wurin likitan ki faɗa a ci gaba daga inda aka tsaya.

Daren yau ki ɗauki biro da takarda ki rubuta sunan kowane magani, miligiram ɗinsa, guda nawa, ƙarfe nawa kike sha, da ranar da kika faɗi. Ki ninke ki sa a jakar da zaki fita da ita. Allah ya baki lafiya ƙanwata, ya dafa miki. In kin dawo daga asibitin ki rubuto min abinda likitan ya ce da wanda ya raka ki, ina jira.